Bayan Asuba Na Ce

Zulai, da ke nake, da Kabiru, da auta Musa. Makon jiya kin bugo waya kina ta murna, wai matasan garinmu sun yanke shawarar sa sunana a ƙaramar gadar da aka gina a bakin tsohuwar gonata, kuma kina so in aiko da hotona mai kyau, wanda na sa farar hula. Na ce miki zan yi tunani. To, ga tunanin. Ba hoto zan aiko ba, wannan rubutun zan aiko, kuma ku karanta shi a zaune, domin abin da ke ciki ba shi kuka taso kuna ji ba. Kun taso kuna jin cewa shekarar babban ruwa ubanku ya ba da gonarsa aka fasa jinga a cikinta, gari ya tsira. An faɗa muku a gidan biki, an faɗa wa 'ya'yanku a makaranta, har wani liman ya taɓa kawo ni misali a huɗuba, ina zaune a sahun gaba ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ummanku ta rasu, wana Yaya Haladu ya rasu, ba sauran wanda maganar za ta kunyata, ni kuwa na gaji da riƙe ta.

Sai na fara da madubin, don in babu shi babu labarin. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da kimiyya a sakandare, a Haɗejiya da Malam Madori da wani ɗan zama a Miga. Ina gaya wa yara cewa rana tauraro ce, taurarin nan kuma da suke gani ranaku ne masu nisa, su rubuta a jarrabawa su ci, su fito su manta. Ni ban manta ba, abin ya zauna mini a rai. Da na yi ritaya, abokan aikina wannan ya sayi injin ban-ruwa, wancan ya buɗe kantin magani, ni kuwa na ɗauki garatutina na sayo madubin hangen nesa da kyamara da kwamfuta da farantin sola. Ranar da aka sauke kwalayen a tsakar gida, Ummanku ta zagaya su tana riƙe da haɓa, ta ce:

"Malam, mutane suna sayen abin da zai kawo, kai ka sayo abin da za ka riƙa kallo."

Ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta san me zan kalla ba, kuma har ta koma ga Allah ban iya sa mata shi a kai ba. Ku bari in gwada da ku, ko ku za ku fi ta haƙuri. Kamar yadda duniyarmu ke zagaya rana, haka wasu duniyoyi ke zagaya waɗancan taurarin. Ba a ganin su, hasken tauraron ya danne su. Abin da ake yi shi ne a tsare tauraron da kyamara, tana ɗaukar hoto bayan hoto, kwamfuta tana auna haskensa tana gwada shi da na maƙwabtansa. In wata duniya ta gifta tsakaninmu da shi, sai hasken ya ɗan ragu, ragin da ido ba zai taɓa kamawa ba, ya zauna a haka na wasu sa'o'i, sannan ya dawo. Kamar ka tsaya a Malam Madori kana hangen fitilar mai shayi a Haɗejiya, ka ce ka ga sauro ya wuce ta gabanta. Yawan ragin shi ke gaya maka girman duniyar. Tazarar da ke tsakanin giftawa da giftawa ita ce tsawon shekararta, daga nan kuma ka san nisanta da ranarta, ka san ko tana ƙuna ko tana sanyi. Masu manyan na'urori su kuma suna auna yadda take ɗan jijjiga tauraron su fitar da nauyinta, in an haɗa girma da nauyi sai a gane ko dutse ce ko tarin iska. Amma aikin yana da doka guda da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: sai ka ga hasken ya ragu, kuma ka ga ya dawo. In ya ragu bai dawo ba, ana iya cewa raɓa ce ta sauka a madubinka, ko hazo, ko hayaƙin wani mai banda kifi.

Ba ni kaɗai nake wannan haukar ba, in hauka ce. Akwai wata ƙungiya ta masu ƙananan madubai a warwatse cikin duniya, yawancinsu tsofaffi irina, wani likitan haƙori ne, wani direban jirgin ƙasa ne da ya ajiye aiki, da wata malamar jami'a da ke raba mana aiki ta intanet. Suna ji da ni, ba don na fi su iyawa ba, sai don a wannan yanki namu na duniya masu madubi ba su da yawa, kuma samanmu in ta washe babu irinta. A garinmu sunana Malam Na-Sama, yara na faɗa a bayana suna dariya. A can kuwa in na aika awo, sai a ce an gode, aikin ya yi tsabta. Ku ma kun san wanne mutum zai fi son ji.

Gonar da Baba ya bar mana tana ƙasan gari, a bayan jinga, wato bangon ƙasar nan da ke tare mana kogi. An raba ta biyu, rabi na wana Yaya Haladu, rabi nawa, tsakaninmu wani dogon tudu mai goruba. Bayan kowace gona akwai ƙwari da ke zarcewa zuwa babban tafki. A tsakiyar tawa na gina ɗan ɗaki mai rufin da ake turewa, na ɗaure madubin da notuna a kan ginshiƙin siminti, saboda can babu hasken janareta, babu tocilar kowa. Ban shuka komai ba. Wanda ya kwana yana kallon sama ba ya wuni da fartanya, ga girma ya fara kama ni. Yaya Haladu ya nemi in ba shi aronta ya ƙara shinkafa, na hana, domin na san masu gadin shinkafa: wuta za su riƙa hurawa su kori sauro, hayaƙi ya rufe mini sama. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya gama ji ya ce Allah ya ba da sa'a, irin faɗar nan da ta fi zagi ciwo.

A shekarar da nake ba ku labari, malamar nan ta ɗora mu a kan wani tauraro. Wata na'ura da aka harba sararin samaniya ta ga haskensa ya ragu sau biyu, da tazara mai tsawo a tsakani. An san akwai duniya a wurin, amma ba a san tsawon shekararta ba, don ta yiwu ta gifta sau da yawa a tsakani ba wanda ke kallo. Aka yi lissafi aka fitar da 'yan dararen da za ta iya giftawa a cikinsu. Wasu suka tsare na farkon a wasu ƙasashe, ba a ga komai ba. Wanda ya rage ya faɗo a ƙarshen damina, kuma a daren tauraron zai kasance a saman kanmu tun daga bayan isha'i har gab da asuba. In an rasa wannan, sai an jira shekaru kafin giftawar ta sake faɗowa cikin dare a inda masu irin madubinmu za su gani. Na yi watanni ina shiri. Na goge, na gwada, na sake gwadawa, har Ummanku ta ce ko ranar ɗaurin aurenmu ban yi wannan rawar ƙafa ba.

Ku da kuka daɗe a Kano da Abuja kun manta halin koginmu. Ruwan da ke cin mu ba na samanmu ba ne. Damina takan ɗauke a nan, sama ta washe tas, sannan ruwan da aka zuba a yamma ya iso, ya tarar kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta toshe masa hanyoyi, ya tsaya yana kumbura. Haka aka yi a shekarar. Taurari a sama kamar an wanke su, kogi kuwa kullum sai ya ƙara hawa. Duk namiji mai sauran ƙarfi yana kan jinga ana gayya, ana cika buhuna da ƙasa ana jerawa. Ni ma na fita, kada wani ya ce muku ban fita ba, na cika buhuna har bayana ya riƙe. Kuma kun san al'adarmu, ko in ce ya kamata ku sani: in ruwa ya nemi fin ƙarfin jinga, ana fasa ta a ƙasan gari, a ba shi hanya ta cikin gonar wani ya wuce tafki, don kada ya zaɓi hanya da kansa ta cikin gidaje. Wuri biyu ne kawai za a iya fasawa, ta gonar Yaya Haladu ko ta tawa. Tasa shinkafa ta fara nuna, tawa ciyawa ce da ɗan ɗaki. Ko yaron goye ya san inda za a nuna.

Ban ƙi ba. Wannan ku riƙe shi da kyau, don ba na so ku fita daga ƙarya guda ku faɗa wata. Ni ba mahaukaci ba ne da zan ce a bar gari ya nutse saboda ciyawa. Matsalar ita ce ranar da aka sa zaman shawara ita ce ranar giftawar. Akwai kuma wata al'adar, wadda ita ce ta kashe ni: a gaban Bulama, gida baki ɗaya yake da shi, kuma bakin na babba ne. Ƙane ba ya magana wansa na zaune, ko da furfura ta cika masa kai. Don haka bayan azahar na sami Yaya Haladu a zaurensa yana wanke taɓo daga ƙafafunsa, na durƙusa na ce:

"Yaya, na san gonata za a zaɓa, kuma na yarda. Abu ɗaya nake roƙo, a bari sai bayan asuba. Daren yau ne kaɗai. In an idar da sallah, ni da hannuna zan fara sara."

Ya tambaye ni, in ruwan bai jira ba fa? Na gaya masa na duba sandar da aka kafa a bakin jinga, da sauran fiye da taƙi, kuma a yadda ruwan ke hawa ba zai cinye taƙin nan kafin hantsi ba. Na ƙara da cewa in ma an ga abin ya canja cikin dare, a turo mini mutum kawai, in kwance madubina in fita. Ya ci gaba da cuɗa ƙafarsa, ya ce to, ya ji.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Bulama, a gindin durumi. Kowa fuska a tsuke, masu gidajen bakin jinga har sun fara kwashe hatsi. Aka yi ta kewaye-kewaye, ba mai son ya ambaci gonar wani da bakinsa. Sai Yaya Haladu ya gyara zama ya ce:

"Bulama, Allah ya ba ka nasara, ƙanina Garba ya same ni ɗazu. Ya ce a fasa a gonarsa, ya bar wa Allah."

Nan ya tsaya. Na zauna ina jiran sauran maganar. Babu saura. Wurin ya ɗauka da kabbara, tsofaffi suna ɗaga hannu, Bulama ya juyo ya kira ni Malam Garba, sunan da na kwana biyu ban ji a bakin kowa ba, ya yi ta sa mini albarka. Na ja gefen rigar Yaya Haladu. Ya karkato kai ba tare da ya dube ni ba, ya ce a hankali:

"Kada ka ɓata abu mai kyau. Masu fartanyar yarana ne, zan gaya musu."

Na haura sittin a lokacin. Na tsaya a gaban ɗalibai da iyayensu da masu duba makarantu ban taɓa jin bakina ya mutu ba, amma ranar na zauna kamar an ɗaure ni, ana addu'a ina cewa amin. Zulai, na san za ki ce me ya hana ni tashi in faɗa. Abin da ya hana ni shi ne abin da aka raine mu a kai, kuma wanda muka fito ciki ɗaya ne ya ce zai faɗa. In mutum bai amince da wannan ba, da wa zai amince?

Bayan magariba Ummanku ta cika mini fulas da shayi tana cewa in haƙura da zuwan nan, ita hankalinta bai kwanta ba. Na ce mata Yaya ya san da maganar. Na isa gona, na ture rufi, na saita madubi. Kwaɗi sun cika duniya da kuka, kogi kuma yana ta gurnani a bayan jinga. Kafin isha'i saƙo ya shigo daga malamar: mutum biyun da za su taya ni kallo daga wasu ƙasashe gajimare ya rufe su, saura ni kaɗai. Na fara ɗauka. A fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo suna jeruwa, kowane ɗigo awon hoto guda, layi miƙe sambal. Na yi sallah na dawo, layi miƙe. Na sha shayi, layi miƙe. Har na fara cewa a raina wannan daren ma ba shi ba ne. Sai ɗigon ya fara sauka. Na ce ko raɓa ce, na duba maƙwabtan tauraron, su suna nan yadda suke. Ya ƙara sauka, ya ƙara, a daidai lokacin da lissafi ya ce, sannan ya kai ƙasa ya daidaita. Ba zan ɓoye muku ba, hawaye na yi. Duniya guda, halittar Allah, tana can tana tafiyarta tun kafin a haƙa rijiyar farko a garinmu, ba ɗan'adam ɗin da ya san tsawon shekararta, ga ta tana wucewa ta gaban wani tsohon ɗan fansho a gonar da ba a shuka ba. Abin da ya rage mini kawai shi ne in ga hasken ya dawo, kuma zai dawo ne gab da asuba.

Dare bai ma raba ba na ga tocila tana wulgawa ta bakin jinga. Haushin da na fara ji na hasken ne, na ce wane sakarai ne zai ɓata mini hoto. Sai na ji sara. Na fita da gudu, irin gudun da ban san ina da sauransa ba, ina kira ina cewa su tsaya. Kafin in isa ruwa ya riga ya sami kafa, kuma jingar ƙasa in ta buɗe baki ba mai rufe ta. Ɗan'azumi masunci, wanda ke jagorantar masu saran, ya haska fuskata ya ja da baya.

"Malam, kana nan? Alhaji Haladu ya ce ka kwashe kayanka tun la'asar."

Na juya da gudu. Ina isa ɗakin ruwa ya kai mini idon sawu, kafin in cire wayoyi ya kai gwiwa. Na ɗora kwamfuta da kyamara a ka. Madubin kuwa notuna ne suka riƙe shi, kwance shi aikin natsuwa ne da sifana, ba aikin mai tsaye cikin ruwa a duhu ba. Na dafa shi sau ɗaya na fita. Wurin da ya fi kusa shi ne tudun goruba, iyakata da Yaya Haladu, nan na haye na zauna. A gabana ruwa yana cin ɗakina, a bayana shinkafarsa tana kaɗawa lafiya lau, iska na kawo mini ƙamshinta. Da lokacin fitar duniyar ya yi, na ɗaga kai. Tauraron ma ba a ganinsa da ido, gurbinsa kawai na kalla, na san yanzu haske yana dawowa, kuma duk faɗin duniya ba mai aunawa. Ina nan zaune na ji kiran sallar asuba daga gari.

Da gari ya waye Ɗan'azumi ya zo da kwalekwale ya ɗauke ni, yana ta ba ni haƙuri, shi da ba shi da laifi. Na tambayi waɗanda suka kwana gadin jinga ta wajen gari nawa ya rage a jikin sandar lokacin da aka fasa, suka ce da sauran kusan taƙi. Ban ce na san abin da Allah kaɗai ya sani ba. Jinga takan ɓalle ta ƙasa ba tare da ruwa ya hau kanta ba, na sani, ta yiwu da an jira da an yi kuka. Amma da an turo mini mutum ɗaya, ɗaya tak, ya ce Malam ba za a iya jira ba, da daren kaɗai na rasa, da na fita da madubina. Ba a turo ba, saboda an riga an gaya musu ba kowa a gonar. Har yau in na tuna cewa da barci nake yi a ɗakin nan da gawata za a tsamo, sai in ji abinci ya fita raina.

Na aika wa malamar rabin awon da na samu. Ta amsa da kalamai masu daɗi, ta yi mini jaje, ta ce a ganinta abin da na kama gaskiya ne, amma ba za a iya kafa hujja da shi ba tunda ba a ga dawowar hasken ba. Ban ji haushinta ba, dokar ce, ni ma da ni ne haka zan ce. Wanda na je wa shi ne Yaya Haladu. Na bari sai da aka kwana biyu, zuciyata ta ɗan sauka, na same shi shi kaɗai a zaure, na tambaye shi me ya sa bai faɗi sauran maganata ba, kuma me ya sa ya ce na kwashe kaya. Da farko ya sha mur ya ce ruɗani ne na ranar. Da ya ga ban tashi ba, ya fusata.

"Ka so in tashi a gaban mutane, ruwa na bakin ƙofarsu, in ce a jira tauraro? Da sun ji haka, da sun ce to a fasa a tawa."

Shi ma ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Na ce ai ka faɗa, Yaya. Sai ya kawar da kai, ya ce:

"Na mayar da kai mutum a garin nan, ka zo kana tuhumata."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a nan ma bai yi ƙarya ba. Tun daga makon sunan Na-Sama ya ɓace. Mutanen da ke nuna ni da baki suka koma tsayawa su gaishe ni hannu biyu, mata suna aiko wa Ummanku da kifi da tsaba. Na dawo gida daga zauren nan, na gaya mata komai, na ce ranar Juma'a bayan sallah zan tashi in faɗa wa gari. Ta ci gaba da tsince shinkafa a faranti, shinkafar da aka aiko daga gidan Yaya Haladu. Can ta ce:

"Ka yi shiru, Malam. Tun da ka sayo abin nan ba a taɓa yi mini gaisuwar mutunci a gidan suna ba sai makon nan. Madubi dai ya tafi. Ka bar wa yaran nan wannan."

Na bar muku. Kun ci, kun ƙoshi, har kuna ba 'ya'yanku. Ni kuwa duk sanda wani ya ce Allah ya saka da alheri, sai in ji kamar an tura mini garwashi a baki an ce in haɗiye in yi murmushi. An yabe ni a kan abin da aka ƙwace mini, wanda kuwa na yi da gaske, na ba shi idona da barcina da abin da na tara, ba wanda ya taɓa tambayata ko me na gani a daren.

Da ruwa ya janye, gonar ba ta dawo gona ba, hanyar ruwa ta zama, kacala ta cinye ta, shi ya sa ma yau har ake buƙatar gada. Na tono gilashin madubin daga cikin laka, azurfar fuskarsa ta saɓule, yana nan ƙarƙashin gadona in kuna son gani. Garatuti ba a ba mutum sau biyu, ga yanar ido ta biyo baya. Bayan wasu shekaru malamar nan, Allah ya saka mata, ta tuna da ni ta rubuto. Wasu masu babban madubi a wata ƙasa sun kama giftawar daga shiga har fita, kuma tsawon shekarar da suka samu ya nuna cewa lallai duniyar ta gifta a darena, a sa'ar da na gani. Ƙatuwa ce, tarin iska, mai sanyi-sanyi. Ta ce ta ga ya dace in sani. Kabiru, kai ka karanta mini saƙon saboda idona, ka gama ka ce Baba ai abin farin ciki ne. Na ce maka e. Ƙarya na yi maka, ranar ko tuwo ban ci ba.

Lokacin da Yaya Haladu ya kwanta ciwon ajali, na je. Ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa, bai ce na me ba. Na ce na yafe, kuma da gaske nake, ba a hana mai barin duniya wannan, ni ma ina nema a wurin Ubangijina. Allah ya jiƙansa, ya riƙe ku da kyau lokacin da kuke ƙanana, wannan ma gaskiya ce. Amma yafewa ba ta mayar da abin da aka yi ya zama ba a yi ba. A wurin zaman makokinsa ma sai da wani dattijo ya ba da labarin yadda Alhaji ya kawo wa Bulama albishir ɗin kyautar ƙaninsa, ana ta girgiza kai ana cewa gida ne na albarka. Ina zaune a kan tabarma, ni ne babban gida yanzu, baki ya zama nawa, sai dai wanda zan faɗa a gabansa yana kabari.

To, Zulai, ki gaya wa matasan nan na gode, yara ne masu kirki, abin da aka gaya musu suka riƙe. In sun nace sai sun rubuta wani abu a jikin gadar, su rubuta maganar gaba ɗayanta ko su bar siminti haka nan. Ni na san abin da rabi yake jawo wa mutum. Saura abu ɗaya, kuma wasiyya ce. Ranar da aka kai ni aka dawo, za a zauna a ƙofar gida, kuma na rantse sai wani ya gyara murya ya ce marigayi shi ne ya ba da gonarsa aka ceci gari. Kabiru, kai ne babba a maza, ka yi haƙuri ka zauna. Musa nake so ya tashi, shi da yake auta, wansa na zaune, a gaban Bulama da kowa. Kada ka yi faɗa, Musa, kada ka ambaci sunan kowa. Ka bari ya gama, sannan ka ce:

"Bayan asuba ya ce."